Aika Jini da Busasshiyar Ƙanƙara a Jirgin Sama: Me Ya Sa Aka Dawo Mana da Akwatinmu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje ce, ban daɗe da komawa sashen ajiyar jini ba. An buƙaci mu aika jini ta jirgin sama zuwa wani asibiti mai nisa, sai wani abokin aikina ya ce mu sa busasshiyar ƙanƙara tunda ta fi ƙanƙarar ruwa daɗewa. Muka haɗa akwatin, muka naɗe shi da salatif ta ko'ina, amma da aka kai filin jirgi sai aka ƙi karɓa, wai kaya ne masu haɗari. Shin jinin ne doka ta hana ɗauka, ko me muka yi ba daidai ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ba jinin aka ƙi ba, ƙanƙarar aka ƙi, da yadda kuka rufe ta. Amma kafin mu je ga dokar jirgi, akwai abin da ya fi damuna a tambayarki: ba ki faɗa mini wane irin jini kuka sa a akwatin ba. In ledojin jajayen ƙwayoyin jini ne, ko jini ɗungurungum yadda aka ɗebo shi daga hannun mai bayarwa, to ki gode wa Allah da aka dawo muku da shi, kuma kada ki yarda a mayar da ledojin nan cikin firji a ci gaba da lissafa su cikin masu kyau. A ware su gefe, a sanar da shugaban sashe.

Dalili shi ne, busasshiyar ƙanƙara ba ruwa ba ce da ya daskare. Iskar kabon dayoksaid ce aka matse har ta zama dunƙule, kuma sanyinta digiri 78.5 ne ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos. Su kuwa jajayen ƙwayoyin jini, ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 zuwa 6, a kan hanya kuma an yarda su kai 10, muddin tafiyar ba ta wuce awa 24 ba. Da sanyi ya sauka ƙasa da sifili kaɗan, ruwan da ke ciki da wajen ƙwayar sai ya zama tsinin ƙanƙara, ya farfasa ta. Abin da ke cikinta, wato hemogulobin, jan sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin, da sinadarin fotasiyam, sai ya tsiyaye cikin leda. In aka ƙara wa mara lafiya wannan, ƙodarsa ce za ta fara shan wahala, fotasiyam ɗin kuma yana iya rikita bugun zuciya, musamman ga jariri. Garin neman gira a rasa ido ke nan: an so a tsare jini daga zafi, an kashe shi da sanyi.

Na taɓa buɗe irin wannan akwati da hannuna, daga wata cibiya da ta aiko mana da taimako da zuciya ɗaya. Takardu sun cika, alamomi duk suna nan a jikin kwali. Da na ɗaga leda ta farko sai na ji gefenta ɗaya da tauri kamar katako. Muka ajiye ta ta kwanta, sai ga ruwan da ke sama, wanda ya kamata ya fito garai-garai, ya rine ja jawur. Duk ledojin muka zubar, alhali akwai mai jira a kan gado. Tun daga ranar nake gaya wa duk wanda nake koya wa aiki cewa ma'aikacin filin jirgi ba zai taɓa tambayarka ko jinin zai isa da ransa ba. Ba aikinsa ba ne. Shi jirgi yake tsarewa da mutanen da ke ciki. Tsare jinin naki ne ke kaɗai.

To wane ne ake sa wa busasshiyar ƙanƙara? Wanda dama a daskare yake. Na farko shi ne filasma, ruwan jinin nan mai launin rawaya da ake rabawa a daskarar cikin 'yan awanni bayan ɗiba domin sinadaran tsayar da zubar jini su tsira. A ƙa'idar Amurka ana ajiye shi shekara ɗaya a digiri 18 ƙasa da sifili ko abin da ya fi haka sanyi. A ta Turai yana kai wata 36 in an riƙe shi a sanyin da ya wuce 25 ƙasa da sifili. Na biyu shi ne kirayo, ɗan gutsuren da ake tacewa daga filasma mai ɗauke da fibirinojin, sinadarin da ke sa jini ya gudaje. Na uku, wanda ba kowace cibiya ke da shi ba, jajayen ƙwayoyi ne da aka jiƙa da wani sinadari mai suna gilisarol kafin a daskarar da su, shi ne ke hana su fashewa. Waɗannan suna zama shekara 10 a digiri 65 ƙasa da sifili ko fiye, kuma galibi na masu rukunin jini ne da samunsa ke da wuya ƙwarai, irin rukunin Bombay da aka fara ganowa a Indiya a 1952. Su ne sukan tsallaka teku daga wata ƙasa zuwa wata saboda mutum guda. Ƙwayoyin filatilet kuwa, masu taimakawa wajen tsayar da zubar jini, ko ƙanƙarar ruwa ba a kusantar da su da ita. Tsakanin digiri 20 zuwa 24 suke rayuwa. Jajayen ƙwayoyi na yau da kullum, ƙanƙarar ruwa ko jakunkunan sanyi ake sa musu, su ma da shamaki tsakani, ba a bari su taɓa leda.

Yanzu mu zo kan doka. Tushenta yana wajen ICAO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sufurin jiragen sama, wadda ke da mazauni a Montreal ta Kanada. Ita ke fitar da ƙa'idojin ɗaukar kaya masu haɗari, tana sabunta su duk shekara biyu. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ɗauki waɗannan ta mayar da su littafin aiki da take sake bugawa kowace shekara, sabon yakan fara aiki ranar 1 ga Janairu. Wannan littafin ne ke gaban mutumin da ya dawo muku da akwati. A cikinsa an faɗa ƙarara cewa jini ko sassansa da aka ɗiba domin ƙara wa wani, ko domin haɗa magungunan da ake yi da jini, ba ya cikin kayan da dokar abubuwa masu yaɗa cuta ta hau kansu. Haka ma gaɓoɓin da za a dasa wa mutum. Wato da jinin kaɗai kuka kai, cikin akwati mai kyau da ba ya yoyo, da ba wanda zai kira shi kaya mai haɗari.

Amma a kula, wannan sassaucin na jinin ƙarin jini ne kawai. Ledar da gwaji ya nuna tana da cutar hanta ko HIV, aka ce a tura ta babban ɗakin gwaji don a tabbatar, ta fita daga ciki. Ita da kwalaben samfurin marasa lafiya suna tafiya ne da lamba UN 3373, a ƙarƙashin umarnin haɗa kaya mai lamba 650: mazubi uku, ɗaya cikin ɗaya, da abin tsotse ruwa tsakanin na farko da na biyu, kuma ɗayan mazuban ciki ya iya jure bambancin matsin iska na kilofaskal 95. In kuwa ana zargin cuta irin Ebola ko Marburg ce, wannan wani babi ne daban mai tsanani, lambarsa UN 2814, kuma ba aikin da sabon hannu zai taɓa ba ne. Na sha ganin an cusa kwalaben samfuri a gefen ledojin filasma don a rage yawan akwatuna. Da an yi haka, hukuncin akwatin gaba ɗaya ya canza.

Ita kuwa busasshiyar ƙanƙara, ko me ta rako, kaya ce mai haɗari a aji na 9, lambarta UN 1845, umarnin haɗa ta kuma shi ne mai lamba 954. In kin fahimci abin da ake tsoro, ba sai kin haddace dokar ba, da kanki za ki iya fito da ita. Wannan ƙanƙara ba ta narkewa ta zama ruwa; kai tsaye take komawa iska. Kilo ɗaya yana ba da iska sama da lita 500. Ki ɗauka kun zuba kilo 20: iskar da za ta fita daga ciki ta haura lita 10,000. Ina za ta je in kun toshe kowace kafa da salatif? Za ta yi ta taruwa har akwatin ya kumbura ya fashe, in mazubin mai ƙarfi ne kuma, irin filas mai murfin murɗawa, ya tarwatse kamar bam. A sama abin ya fi muni, domin matsin iskar cikin jirgi ƙasa yake da na doron ƙasa, kwatankwacin na kan dutse mai tsawon mita 2,400. Shi ya sa sharaɗi na farko a umarni na 954 shi ne akwati ya bar iska ta fita. Wannan kaɗai ya isa a dawo muku da naku. Akwatin farin soso mai kauri ake sa wa cikin kwali mai ƙarfi, a ɗora murfin soson ba tare da an liƙe bakinsa ba, a ɗaure kwalin waje yadda ba zai buɗe ba amma ba a bi kowane gefe an toshe ba.

Tsoro na biyu shi ne iskar da ta fita. Ba ta da launi, ba ta da wani wari da zai gargaɗe ka da wuri, kuma ta fi iskar da muke shaƙa nauyi da kusan rabi, don haka ƙasa take kwanciya. A sarari, kabon dayoksaid kusan kashi 0.04 cikin 100 ne na iska. Iyakar da aka yarda da ita a cikin jirgin fasinja a dokar Amurka kashi 0.5 ce. In ta kai kashi 3, kai zai fara sarawa, numfashi ya riƙa fita da sauri. Daga kashi 7 zuwa 10 mutum yana iya suma cikin 'yan mintoci. Ba labarin takarda ba ne. A 1998, a filin jirgin Brownsville da ke jihar Texas, wani jirgin kaya samfurin DC-8 ɗauke da daskararren jatan lande cikin busasshiyar ƙanƙara yana kan hanyar zuwa titin tashi, sai duk mutum huɗun da ke ciki suka ji numfashinsu na sarƙewa. Suka sa takunkumin iskar oksijin, suka fasa tashi. Ki yi tunanin da abin ya same su bayan sun ɗaga.

Daga nan ne sauran sharuɗɗan suka samo asali. Akwati ɗaya ba zai wuce kilo 200 na ƙanƙara ba, a jirgin fasinja ko na kaya. Wannan ba zai taɓa damun mai aika jini ba. Abin da zai dame ki shi ne kowane jirgi yana da jimillar da zai iya ɗauka, gwargwadon girman rumbunsa da yadda iska ke zagayawa a ciki, kuma kamfani ne ke ƙayyade ta. Wasu ƙananan jirage kaɗan suke ɗauka, wasu kamfanonin ma suna da ƙarin sharuɗɗa nasu a kan na IATA. Ba a kuma loda ƙanƙarar kusa da dabbobi masu rai, don haka in an riga an yi wa wani kare rajista a rumbun da za a sa kayanki, ana iya sauke naki. Saboda haka doka ta ce sai an shirya da kamfani tun kafin a kai kaya. Ba a fafe gora ranar tafiya. A kira su, a faɗi adadin akwatuna da kilon ƙanƙarar kowanne, su tabbatar da gurbi. A ƙarshen 2020, lokacin da aka fara jigilar allurar rigakafin korona ta Pfizer mai buƙatar sanyin kusan digiri 70 ƙasa da sifili, sai da hukumomin jiragen sama suka sake duba waɗannan iyakoki jirgi bayan jirgi kafin su yarda a ƙara. Ko a wancan hali na gaggawa, ba a ce a loda kawai ba.

A jikin kwali, abin da za a nema a gani ba shi da yawa, amma ko ɗaya ya ɓace za a dawo da shi. A rubuta UN 1845, a rubuta sunanta da Turanci, DRY ICE, domin da shi ma'aikatan kowace ƙasa suka san ta, sai nauyin ƙanƙarar zalla a kilo, ba nauyin akwati duka ba, sannan cikakken suna da adireshin mai aikawa da mai karɓa. Sai tambarin aji na 9, mai kusurwa huɗu tsaye kan tsininsa, santimita 10 kowane gefe, da baƙaƙen layuka bakwai a rabinsa na sama da lamba 9 a ƙasa. A manna shi a fuska ɗaya, kada ya lanƙwasa ta kan kusurwar kwali, kada salatif ko wata takarda ta rufe shi. In tsohon kwali ne ake sake amfani da shi, a kankare tsofaffin alamomi; tambarin da ba ya nuna gaskiyar abin da ke ciki shi ma laifi ne. A takardar rakiyar kaya ta jirgi kuma a sake rubuta lambar, da sunan, da yawan akwatuna, da kilon kowanne. Tunda abin da ƙanƙarar ke sanyayawa ba kaya ne mai haɗari ba, ba a buƙatar doguwar takardar shaidar mai aikawa, mai jan gefen nan. Lambar kilon da kika rubuta ba ado ba ce. Ita ake tarawa da ta sauran masu kaya a rubuta cikin takardar da kyaftin zai gani kafin ya tashi. Wanda ya rage lamba don kayansa su samu shiga, matuƙin jirgi ya yi wa ƙarya game da iskar da zai shaƙa.

Akwai kuma sharaɗin da cibiyoyi da yawa ke tsallakewa: duk wanda zai haɗa akwatin ko ya cike takardunsa sai ya samu horo kan kaya masu haɗari, kuma a sabunta horon duk wata 24. In ba wanda ke da shi a sashenku, wannan ne abin da za ki fara kai wa shugabanku. Idan kuma wani ne zai riƙo akwatin a matsayin fasinja, iyakarsa kilo 2.5 na ƙanƙara, da amincewar kamfani tun da wuri, kuma mazubin ya bar iska ta fita. Kilo 2.5 ba ya kai mutum nesa. Samfurin UN 3373 kuwa ba ya shiga jakar fasinja ko kaɗan.

Bari in dawo cikin akwatin, domin a nan ne dokar jirgi ta yi shiru, gwaninta ta karɓa. Ledar filasma da kika sani mai laushi, in ta sha sanyin digiri 78 ƙasa da sifili, sai ta zama kamar gilashi. Bugu kaɗan ya isa ya tsaga ta, galibi wajen bakin bututu ko kan ɗinkin gefe, kuma ba za a gani ba sai an zo narkarwa a ruwan ɗumi na digiri 30 zuwa 37, a ga rawaya na bin ruwan. Don haka kowace leda ta shiga rigarta ta kwali, a jera su a matse yadda ba za su yi karo ba, ƙanƙara a ƙasa da gefe da sama, ba tana gugar leda kai tsaye ba. Ga abin da ake mantawa: ƙanƙarar da ta cika akwati yau, gobe ta ragu, ta bar rami. Ledojin da ta tokare sai su fara yawo, ana jefa akwati daga mota zuwa amalanke zuwa rumbu. Sai an yi musu matokari na kwali ko soso wanda zai riƙe su ko da ƙanƙarar ta ƙare ƙaf. In akwai kwalaben samfuri a wani akwatin dabam, ƙanƙara a wajen mazubi na biyu take zama, ba a cikinsa ba, domin shi a toshe yake.

Nawa za a zuba? Abin da aka saba lissafi da shi ga matsakaicin akwatin soso shi ne yana cinye kilo 2.5 zuwa 5 a kowace awa 24. 'Yan ƙananan dunƙule sun fi babban bulo saurin ƙarewa, kodayake sun fi shiga lungu. Kada ki yi lissafi da awannin da jirgi zai yi a sama. Ki fara daga lokacin da kika rufe murfi: zaman jiran tantancewa, zaman kan kwalta a rana, canjin jirgi, kwastan in ƙetare ne, da hanyar mota a can. Sannan ki ƙara aƙalla kwana guda, don jirgi yana fasa tashi. Ni ba na son aika daskararren kaya dab da ƙarshen mako ko jajibirin hutu, sai in rai ne ke jira kuma na yi magana da wanda zai tsaya a can ya karɓa. Kuma lissafin baki ba ya maye gurbin gwaji. A ɗauki irin akwatin da za a riƙa amfani da shi, a sa ledojin da suka lalace ko na ruwan gishiri daskararre, a sa na'urar naɗar sanyi, a ajiye shi a wuri mafi zafi da zai iya haɗuwa da shi, a ga awa nawa zai riƙe. Na'urar da za ta bi kaya ma a tambayi kamfani ko ya yarda da irinta, saboda batirin litiyam da ke ciki, kuma a tabbatar tana iya karanta sanyi mai zurfi haka. Da yawa ba sa iyawa.

Ki kula da kanki da direbanku, don haɗarin ya fi kusa da ku fiye da matuƙin jirgi. Safar roba ta ɗakin gwaji ba ta tsare komai. Taɓawar ƙanƙarar ta daƙiƙoƙi kaɗan tana ƙona fata kamar wuta, sai safa mai kauri da cokalin ɗiba da gilashin kare ido. Kada a ajiye ta a ɗakin sanyi da ake shiga a rufo ƙofa. Kada ki zura kai cikin babban mazubinta don ɗebo ta ƙasa. Na taɓa yi ina sabon hannu, na ji wani yaji ya soki hancina, idona ya yi duhu kafin in ɗago. Cikin ƙaramar mota bai fi lita 3,000 ba, sulusin kilo kawai in ya koma iska ya isa ya kai kabon dayoksaid ɗin cikinta kashi 5 cikin 100 idan tagogi na rufe. A sa akwati a bayan mota inda ba ya haɗe da mazaunin direba, in ba hali a sauke gilashi.

Wanda zai karɓa a can shi ma a gaya masa abin da zai duba. Ya buɗe a wuri mai iska, ya fara ganin ko da sauran ƙanƙara a ciki. In babu ko ɓurɓushi, kayan sun shiga zargi har sai na'ura ta wanke su. Akwai tsohuwar dabara da har yau nake so: kafin a daskarar da filasma, a ɗaura wa ledar robar ɗaure kuɗi a tsakiya, in ta daskare a cire, sai ta bar shaidar ƙugu. Muddin ƙugun nan yana nan lokacin da aka buɗe akwati, ledar ba ta narke a hanya ba. In ya shafe, ko da an same ta da tauri, ta narke ta sake daskarewa, kuma ba za a ƙara wa kowa ita ba. Ya rubuta lokacin isowa da abin da na'ura ta nuna, ya mayar da ledojin firiza nan take, sannan ya kira ki. Sauran ƙanƙarar kuma a bar ta a buɗaɗɗen wuri da yara ba sa kaiwa ta ƙare da kanta, kada a zuba ta a wurin wanke hannu, tana fasa bututu.